Bashin da Ke Kan Mai Kallo: Tunani a Kan Ziyarar Tafkin Kainji

Akwai wata tambaya da ba safai ake yinta ba, domin a ganin yawancin mutane ba ta da nauyi. Mutumin da ya tafi kallon wani wuri mai kyau, ya kashe kwarkwatar idonsa, ya ɗauki hotuna, ya koma gida, shin akwai wani hakki da ya rataya a wuyansa? Da farko za a ce babu. Ai kallo ba sata ba ne, gama ido ba ya rage kome daga abin da ya gani. Wanda ya tsaya a bakin ruwa yana duban faɗuwar rana bai ɗebi ko cokali ɗaya na ruwan ba.

Amma mu da muke zaune kusa da Tafkin Kainji, ko muke zuwa wurinsa daga Kontagora, da Zuru, da Birnin Kebbi domin shaƙatawa, muna da dalilin da ya sa bai kamata mu yi saurin amsawa ba. Wannan tafki yana da kyau ƙwarai, ba wanda zai yi musun haka. Duk da haka, kafin 1968 babu shi, kuma a ƙarƙashinsa akwai garuruwa, da gonaki, da kaburbura na mutanen da 'ya'yansu da jikokinsu suke tare da mu har wa yau. Saboda haka tambayarmu ita ce: ko ya dace mutum ya ji daɗin kyan da aka samu ta wurin hasarar waɗansu? In kuwa ya dace, bisa wane sharaɗi?

Abin da ido yake gani

Bari mu fara da ba tafkin hakkinsa. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 135, daga madatsar ruwa ta Kainji a Jihar Neja har zuwa ƙasar Yauri a Jihar Kebbi, faɗin fuskarsa kuwa yana kusa da murabba'in kilomita 1,300. A inda ya fi faɗi, mutum yakan tsaya a wannan gaɓa ya kasa hango waccan. Garin Yelwa yana gefen gabas, don haka rana takan faɗi a kan ruwan, kwalekwalen masunta su zama kamar baƙaƙen zane a kan jan sarari, tuddai da duwatsun da ke nesa su yi shuɗi-shuɗi kafin duhu ya haɗiye su. A ƙasar Suwizalan mutane sukan biya kuɗi mai yawa domin su zauna a bakin tafki suna kallon manyan duwatsun Alps. Namu tuddan ba su kai waɗancan tsawo ba, amma natsuwar da zuciya take samu idan ruwa mai faɗi ya haɗu da dutse iri ɗaya ce ko'ina.

Wanda ya daɗe a wurin zai ga abin da ya fi wannan ban mamaki. Kogin Kwara, wanda ya cika tafkin, yakan kawo ruwa sau biyu a shekara. Na fari shi ne farin ruwa, wanda yake zuwa da damina daga ruwan saman da aka yi a ƙasashen kusa, ɗauke da laka. Na biyu shi ne baƙin ruwa, wanda yake isowa a tsakiyar hunturu, sa'ad da ko ɗigon ruwan sama ba a gani a nan. Asalinsa ruwan da aka yi ne a tsaunukan ƙasar Gini, ya bi ta fadamun Mali a hankali har lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso mana garau bayan tafiyar watanni. Ashe manomin Ngaski yana ban ruwa da ruwan saman da ya zuba a kan mutanen da bai taɓa gani ba. Idan kuma rani ya yi nisa, tafkin yakan ja da baya, ya bar ƙasa mai dausayi inda ake noma har ruwa ya komo.

Duk wanda ya ga waɗannan abubuwa zuciyarsa ta motsa, ya yi godiya ga Mahalicci, ya yi daidai. Mutumin da kyau ba ya taɓa shi ya rasa wani abu na mutuntakarsa. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sun kuma ce gani ya kori ji. Yaron da ya tashi a inda ruwan rijiya kaɗai ya sani, ranar da ya fara ganin Kainji tunaninsa game da girman duniya yakan sāke.

Abin da ruwa ya rufe

An fara ginin madatsar a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya fara taruwa a bayanta. An tayar da mutum fiye da 40,000 daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200. Tsohon garin Busa, mazaunin sarakunan Borgu, ya nutse ɗungum, aka gina Sabon Busa a madadinsa. Babban tsibirin Foge, mai ƙauyuka da gonaki, ruwa ya ci mafi yawansa. A ƙasar Yauri abin ya fi shafar Gungawa, waɗanda suke kiran kansu Reshe, mutanen da sunansu ma daga gungu ya fito, wato tsibiri. Ya kuma taɓa Kambari, da Lopawa, da Shangawa, da sauran mazauna bakin kogi.

Gungawa sun shahara da noman albasa a kan tsibirai da gaɓar kogi. Sun san lokacin da ruwa zai hau da lokacin da zai sauka, sun san ƙasar da take karɓar albasa da wadda ba ta karɓa, sun gāji wannan sani daga kakanni. Tsibirin kuma kagara ne a gare su, gama a zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi ruwa ne ya tsare su. Da aka mai da su kan tudu, gwamnati ta gina musu gidaje na bulon siminti da rufin asbesto. A wancan zamani an yaba da wannan shiri, domin a waɗansu ƙasashe ba a yi wa waɗanda aka tayar ko rabin haka ba. Amma gida ya wuce bango da rufi. Ana iya biyan diyyar ɗaki da rumbu, ana iya ƙirga itatuwan mangwaro a biya. Kabarin uba fa, nawa ne kuɗinsa? Ilimin wani yanki na kogi wanda ba ya nan kuma, wa zai saye shi? Dattijon da ya san kowane dutse a mashigin garinsu ya wayi gari baƙo a ƙasar haihuwarsa.

Alamun wannan tarihi suna nan a fili ga mai neman gani. Waɗansu daga cikin tsibiran da mai ziyara yake sha'awa ƙwanƙolin tuddai ne da ruwa bai kai ba. Busassun itatuwan da suke tsaye a cikin ruwa, waɗanda suke ƙawata hoto, ragowar kurmi ne da gonaki, kututturansu na ƙarƙashin ruwa kuwa suna cikin abubuwan da matuƙan jirage suke tsoro. Ruwan da yake kwance lumui da yamma shi ne hanyar kasuwa ga dubban talakawa, kuma yana cin rai. Ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya taso daga gefen Jihar Neja zuwa Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, ya kife da mutum fiye da 150, kaɗan ne suka tsira. Hukumomi sun danganta hatsarin da yawan lodi da tsufan jirgin. Yawancin waɗanda suke ciki neman abinci ne ya fito da su.

An gina madatsar domin wutar lantarki. Injinanta 8 an shirya su don ba da megawat 760, wutar ta haskaka Legas, da Ibadan, da Kaduna, ta ƙetare iyaka har Yamai a Jamhuriyar Nijar. Amma ƙauyuka da yawa na bakin tafkin sun shafe shekaru masu yawa suna kwana da fitilar kananzir. Sai a 2010 aka yi dokar kafa hukumar HYPPADEC domin raya yankunan da ake samar da wutar ruwa, ita ma ta ɗauki wajen shekara 10 kafin ta fara aiki sosai.

Amsoshi biyu da ba su isa ba

Mai ziyarar da ya ji wannan labari yakan karkata zuwa ɗaya daga cikin amsoshi biyu.

Na fari yakan ce: “Ni ban gina madatsa ba, ban tayar da kowa ba, ba a ma haife ni ba a lokacin. Hutu na zo yi, don me za a ɗora mini nauyin abin da ya wuce?” Akwai gaskiya a cikin maganarsa, gama ba a kama ɗa da laifin da bai yi ba. Amma laifi dabam, bashi dabam. Wanda ya gāji gona bai sare kurminta ba, duk da haka in akwai bashi a kan gonar ya gāje shi tare da ita. Mu duka mun ci moriyar Kainji. An yi wa 'yan'uwanmu tiyata da hasken wutarta, 'ya'yanmu sun yi karatun dare da ita, injinan niƙa sun yi aiki da ita. Wanda kuma ya zo kallo yana ƙara cin wata moriya, wato kyan wurin. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mafi ƙanƙantar abin da ke kanmu shi ne mu san wanda ya biya kuɗin abin da muke morewa. Mutumin da ya zaɓi kada ya sani domin kada hutunsa ya ɓaci, ya riga ya yanke hukunci cewa jin daɗinsa na yini ɗaya ya fi tarihin maƙwabcinsa daraja.

Na biyu yakan ce: “In haka ne, bai kamata a yi murna a wurin nan ba sam. Tafkin makabarta ne, mai lamiri ba zai je shaƙatawa a kansa ba.” Wannan amsa tana da kamar tsoron Allah, amma ita ma ta kasa ganin mutanen wurin yadda suke. Shekara fiye da 50 ke nan da cikar tafkin. Yawancin waɗanda suke zaune a bakinsa a yau ba su san wani gida ba sai shi. A cikinsa suka koyi iyo, daga cikinsa suke kama giwan ruwa, da karfasa, da tarwaɗa, da kuɗin kifinsa suka yi aure suka sa 'ya'ya a makaranta. Sarkawa da sauran masunta sun zo daga wurare dabam dabam suka kafa sansani, kasuwannin kifi na Yelwa da Wara suka bunƙasa. Mutanen Yauri da kansu suke gayyatar duniya zuwa bikin Rigata, inda ake tseren kwalekwale da nuna gwanintar ruwa da aka gāda daga kakanni. Wanda ya dube su bai ga kome ba sai abin tausayi, ya rage musu mutunci, gama ya mai da su labarin baƙin ciki kawai, alhali su mutane ne masu ƙwazo da suka gina sabuwar rayuwa a kan abin da ya same su. Ƙaurace wa wurin kuma ba ya komo da ko gona ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya hana mai kwalekwale da mai sayar da kifi banda ɗan cinikin da za su samu.

Amsoshin nan biyu, ko da yake suna gāba da juna, ciwonsu ɗaya ne. Dukansu sun tsaya a kan abin da mai ziyara yake ji a ransa, na fari yana tsare jin daɗinsa, na biyu yana tsare tsabtar lamirinsa. Ba wanda ya juya ya tambayi mai gida.

Ɗan kallo da baƙo

Harshenmu ya bambanta mutum biyu da suke iya tsayawa a wuri guda. Akwai ɗan kallo, akwai kuma baƙo. Ɗan kallo ba ya sallama, ba ruwansa da sunan kowa, in wasa ya tashi sai ya kama gabansa. A idonsa masunci da kwalekwalensa da dutsen da ke bayansu duk abu ɗaya ne, kayan ado ne na hoton da yake so. Baƙo kuwa ya san ya shigo gidan wani. Yakan yi sallama, ya jira a amsa, ya sha ruwan da aka ba shi, ya tambayi lafiyar gida. Ya san maganar da ake yi cewa baƙo ko da ido makaho ne, don haka yakan nemi ɗan gari ya nuna masa hanya, ya kuma gaskata cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan yanki na kogi ya taɓa ganin abin da yakan faru idan matafiyi ya ƙi zama baƙo. Mungo Park, Baturen nan ɗan ƙasar Sikotilan, ya gangaro Kwara da jirginsa yana so ya ga inda kogin ya ƙare. Saboda tsoro ya ƙudura ba zai riƙa sauka yana gaisawa da masu ƙasa ba, waɗanda suka matso kusa da jirginsa kuwa sau da yawa da harbi ya tarye su. Bisa ga labarin da jagoransa Amadi Fatuma ya bayar daga baya, kyautar da ya aika wa Sarkin Yauri ba ta isa hannun sarki ba. A wajen 1806 ya halaka a gangaren duwatsun Busa, wurin da yanzu yake ƙarƙashin tafkin. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo Yauri suna neman takardunsa, daga nan suka bi kogin har teku. Littattafan makaranta sun daɗe suna koya wa yara cewa waɗannan mutane ne suka gano Kwara, alhali kakannin Gungawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna tuƙi a kansa. Haka idon ɗan kallo yake: abin da bai gani ba, a wurinsa babu shi, ranar da ya gan shi kuma sai ya zama nasa.

A shekarun da ake gina Kainji, wato 1964 zuwa 1968, ana wani aiki a ƙasar Masar wanda ya kamata mu yi tunani a kansa. Madatsar Aswan za ta nutsar da tsoffin haikalin Abu Simbel, sai ƙasashen duniya, ta hannun UNESCO, suka tara kuɗi, aka yayyanka duwatsun, aka ɗaga su zuwa tudu aka sāke haɗa su. Aiki ne mai kyau, masu yawon buɗe ido suna zuwa ganinsa har yau. Amma wannan ruwa ya tayar da Nubiyawa wajen 100,000 a Masar da Sudan, duniya kuwa ba ta san sunayen ƙauyukansu kamar yadda ta san sunan haikalin ba. Tafkin Volta a Gana ya tayar da wajen mutum 80,000, Tafkin Kariba tsakanin Zambiya da Zimbabuwe ya tayar da wajen 57,000 na kabilar Tonga. Duka waɗannan wurare ne da ake tallar kyansu ga matafiya. Jarabar ɗan kallo ke nan a ko'ina, ya ƙaunaci wuri fiye da mutanen wurin, domin dutse da ruwa ba sa tambayarsa kome, mutum kuwa yana da magana a bakinsa.

To, ga amsar tambayarmu. Ya dace mu ji daɗin Tafkin Kainji, mu kai 'ya'yanmu su gan shi, mu yi murna a bakinsa. Sharaɗin shi ne mu je a matsayin baƙi. Sanin abin da ke ƙarƙashin ruwan ba zai ɓata kyansa ba, kamar yadda sanin wahalar da uwa ta sha ba ya rage daɗin tuwon da ta tuƙa, sai dai ya ƙara masa godiya.

Yadda ake biyan bashin

Idan ƙungiyar matasa, ko zumuntar mata, ko wani iyali suka shirya zuwa bakin tafkin, akwai abubuwan da za su nuna ko baƙi ne su ko 'yan kallo.

Abu na fari shi ne gaisuwa. A nemi mai unguwa ko sarkin ruwa na wurin, a faɗi abin da ya kawo mu. Wannan ladabi ne, kuma hikima ce, gama su ne suka san inda ruwa yake da zurfi, da inda dorina take, da lokacin da iska take tashi. A shekarun nan rashin tsaro ya taɓa waɗansu sassa na yankin, har da dazuzzukan gandun namun daji na Kainji, don haka shawarar 'yan gari game da hanya ba abin rainawa ba ce. Mu tuna kuma cewa mai ziyara yana iya ɗage tafiyarsa in hanya ta ɓaci, mazaunin wurin kuwa ba shi da inda zai ɗage rayuwarsa ya kai.

Na biyu shi ne hoto. Yanzu kusan kowa yana da kyamara a wayarsa. Matar da take wanka ko wanki a bakin ruwa, da yaron da ba riga a jikinsa, da tsohon da yake gyaran koma, ba a ajiye su can domin mu ba. A tambaya kafin a ɗauka, in an ce a'a a haƙura. Ma'auni mai sauƙi shi ne mutum ya tambayi kansa ko zai yarda baƙo ya ɗauki mahaifiyarsa a wannan hali ya watsa wa duniya.

Na uku shi ne ciniki. Tayi al'adarmu ce, ba laifi a cikinta. Amma akwai wanda ba ya neman ragi a gidan mai ko a otal, sai ya zo gaban mai kwalekwale ya matse shi har ya karɓi abin da bai kai kuɗin man injinsa ba. Irin wannan matsi yana cikin abin da yake tura matuƙi ya ƙara lodi domin ya fita kuɗinsa. A biya abin da ya dace, kada a cika jirgi fiye da kima domin a rage kuɗi, kada a matsa wa matuƙi ya tashi da dare ko cikin hadari, a nemi rigar kariya daga nutsewa a sa, a kuma sa wa yara tukuna. Baƙon da ya nace a kan rigar nan yana taimakon fasinjan da zai hau bayansa, gama abin da masu biya suke tambaya shi matuƙa sukan tanada.

Na huɗu shi ne tsabta. Ruwan da muke kallo shi waɗansu suke sha, da shi suke dafa abinci. Leda da robar da aka jefa a ciki ba sa narkewa, sukan koma cikin komar masunci. Abin da muka zo da shi mu koma da shi.

Na biyar, wanda ya fi sauran gaggawa, shi ne sauraro. Waɗanda suke da wayo sa'ad da ruwa ya hau a 1968 yanzu sun tsufa, kowace shekara kuma suna raguwa. In baƙo ya zauna kusa da ɗaya daga cikinsu ya ce, “Baba, ina garinku yake dā?” zai ga an miƙa hannu zuwa wani wuri a tsakiyar ruwa, a faɗa masa sunan gari, da inda kasuwa take, da inda tsamiya take tsaye. Wanda ya ji wannan ba zai ƙara ganin tafkin kamar fili marar tarihi ba. Idan kuma ya koma birni, ya ji ana maganar wuta, ko hanya, ko asibiti, ko jiragen ruwa masu aminci domin mutanen bakin tafki, ya kamata a ji muryarsa, gama ya ci gishirinsu.

Ga masu gida

Waɗansu daga cikin masu karanta wannan takarda 'ya'ya ne da jikokin waɗanda aka tayar. Ku ma akwai abin da ke kanku. Ku tambayi iyayenku sunayen tsibirai da garuruwan da suka nutse, ku rubuta su, ku koya wa yara tare da harshen kakanninsu, domin abin da ruwa ya rufe kada mantuwa ta sāke rufe shi. Ku karɓi baƙo da fara'a kamar yadda aka san ku, ku yi masa gaskiya a ciniki, amma kada ku mai da kanku ko al'adunku abin wasa domin 'yan kuɗinsa. Mai gida da ya san darajar gidansa shi yake koya wa baƙo yadda zai shiga.

'Yan'uwa, ido ba ya ɗebe ruwa daga tafki, wannan gaskiya ne. Amma yadda muke kallo yana nuna matsayin da muka ba mutumin da ke gabanmu, kuma yana horar da zuciyarmu. Wanda ya saba wuce masunci kamar itace a bakin Kainji, zai wuce maƙwabcinsa haka nan a ƙofar gida. Bari mu je mu ga ruwa da duwatsu, mu yi godiya saboda su, mu kuma komo da sunan aƙalla mutum ɗaya da muka gaisa da shi, da sunan gari ɗaya da yake kwance a ƙarƙashin ruwan. Allah ya ji ƙan waɗanda ruwa ya ci, ya tsare masu tafiya a kansa, ya ba mu idon da yake ganin mutum. Amin.